Fim ɗin gaskiya kan sauyin yanayi a fadamar Hadejia da Nguru: ta ina za mu fara?

Ɗan Fadama

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ƙungiyarmu ta matasa na son shirya fim ɗin gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, na kimanin minti 25, a kan yadda sauyin yanayi ke taɓa manoma da masunta da makiyaya daga Hadejia zuwa Nguru. Niyyarmu a riƙa nuna shi a ƙauyuka ta majigi, a kuma yayyanka shi a watsa ta WhatsApp. Abin da ke hannunmu kyamara ce guda irin ta masu ɗaukar biki, wayoyi biyu masu kyau, da kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa a fita ɗauka? Wane kayan aiki ne ya zama dole mu ƙara? Yaya ake tsara labarin don kada ya koma lacca mutane su watse? Muna kuma tunanin buɗe fim ɗin da hotunan Tafkin Chadi na da da na yanzu, tunda kowa ya san ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari. Masana, a taimaka mana da shawara. Allah Ya saka da alheri.

Malamin Jogarafi

Wa alaikumus salam, Ɗan Fadama. Allah Ya yi wa aikin albarka. Kafin maganar kyamara, bari in taɓa abin da za ku faɗa a cikin fim ɗin, don a nan irin waɗannan finafinai suka fi tuntuɓe.

Wannan buɗewar da Tafkin Chadi, ku sake shawara. Gaskiya ne a 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, kuma bayan farin shekarun 1970 da na 1980 ya koma ƙasa da 2,000, har ya rabu gida biyu, kwarin arewa da na kudu. Amma hoton da ake yawan nunawa a matsayin "yanzu" na tsakiyar shekarun fari ne ko kuma na ƙarshen rani. Tun shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da raguwa ba. A wasu shekarun ma ƙaruwa yake yi, sai dai ciyayi sun lulluɓe yawancin ruwan. Kusan kashi 90 na ruwansa daga kogin Shari da Logon yake zuwa, ta Chadi da Kamaru, ba daga kogunanmu ba. In kuka ce wa masunci tafki na ƙafewa alhali bara ruwa ya ci masa gona a bakin tafkin, daga nan kun rasa shi, ba zai ƙara yarda da sauran maganarku ba.

Haka ma fadamarku. Abin da mutanen Guri da Kirikasamma za su fara kawo muku kuka a kai shi ne kachalla, doguwar ciyawar ruwan nan, kuma kachalla ba sauyin yanayi ne ya kawo ta ba. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ga kuma shingen ruwan Hadejia na aikin noman rani. Da can kogin Hadejia kan cika da damina ya bushe ƙayau da rani, bushewar nan ce ke kashe ciyawa. Da aka koma sakin ruwa duk shekara, sai kachalla ta samu abin da take so, wato ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta toshe magudanai, laka ta taru, ruwa ya karkata ta rafin Marma zuwa tafkin Nguru yana cin gonaki, wasu rassan kuma suka bushe, abin da ke isa Gashua ya ragu. Tsuntsun jan-baki kuma ya samu maɓoya a cikinta yana afka wa shinkafa da gero. Kogin Jama'are, wanda ba a tare shi da babbar madatsa ba, shi ne zai ba ku abin kwatantawa.

To ina hannun sauyin yanayi? Yana nan, kuma yana da nauyi. Ruwan sama a yankinmu ya yi yawa a shekarun 1950 da 1960, ya faɗi warwas a 1970 da 1980, ya ɗan farfaɗo daga 1990. Abin da ya sauya shi ne yadda yake zuwa: kamar da bakin ƙwarya a sa'o'i kaɗan, sannan ya ɗauke ƙafa kwana goma ko mako biyu shuka na tsaka da girma. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tsakanin 1982 da 2016. A ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum sama da 600 a Nijeriya kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, masu binciken yanayi na ƙungiyar World Weather Attribution sun ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta sa irin wannan damina ta fi yiwuwa kusan sau 80 a yankin Tafkin Chadi. Ga zafi: a Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Wannan shi ne abin da za ku iya tsayawa a kai ba tare da wani ya ƙaryata ku ba: ruwa mai ƙarfi yana sauka a kan kogin da hanyoyinsa suka toshe. Dalilai biyu ne suka haɗu, ku nuna su biyun.

Don hotunan sama, ba sai kun biya kowa ba. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat sun fara tun 1972, ana sauke su kyauta a shafin EarthExplorer. Na Sentinel-2 sun fara a 2015 kuma sun fi fitowa tar. Sharaɗi ɗaya: ku kwatanta wata da wata. Oktoban 1986 da Oktoban bana, ba Oktoba da Mayu ba. Ku rubuta wata da shekara a jikin kowane hoto.

Mai Tace Hoto

Malam ya gama magana a kan tushe. Ni zan yi a kan labari.

Ƙanena, fim na minti 25 ba ya ɗaukar mutum goma sha. Ku zaɓi uku: manomi ɗaya, masunci ɗaya, da makiyayi ko matar da ke sana'ar da ta dogara da fadama, kamar mai bandar kifi, mai tallan nono ko mai saƙar tabarmar kaba. Ku bi su daga farkon shekara zuwa ƙarshe. Mai kallo mutum yake bi, ba maudu'i ba. Yana so ya ga ko shinkafar Malam wane za ta kai ga yanka. Masani ku ba shi minti uku ko huɗu gaba ɗaya, a rarrabe, kuma ku fitar da shi daga ofis ku tsayar da shi a bakin rafi yana nuni da hannu.

Fita huɗu kuke buƙata, kowacce kwana huɗu zuwa biyar. Ta farko a Afrilu ko Mayu, da tsananin bazara, lokacin rijiyoyi sun yi ƙasa, dabbobi sun rame, ana sharar gona. Ta biyu da saukar damina, Yuni zuwa farkon Yuli, don shuka da zullumin ko ruwa zai ɗore. Ta uku ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ruwa ya cika. Ta huɗu da kaka, Nuwamba zuwa Disamba, ana girbi, ruwa na janyewa, kamun kifi na kankama, makiyaya na gangarowa fadama, tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai kuma sun sauka a wajen Dagona. In kuɗi bai kai ba, a bar ta biyu, amma ba a barin ta farko da ta uku.

Ga dabarar da ta fi kowane bayani aiki. A fitar farko ku zaɓi wurare biyar ko shida: gindin wata tsamiya, kan gada, bakin wata gona, mashigin kwalekwale. Ku kafa turke inda ƙafar kyamara ta tsaya, ku auna tsayinta da igiya ku ƙulle wurin, ku ɗauki hoton allon kyamarar da waya don ku tuna yadda kuka saita, ku kuma adana wurin a taswirar waya. Duk fita ku koma daidai nan, a daidai wannan sa'a, ku ɗauki daƙiƙa 30 ba motsi. Ranar tacewa in aka jera su, mutum zai ga ƙasa busasshiya ta tsattsage, sai kore, sai ruwa har wuyan turken. Ba sai wani ya yi sharhi ba.

Wajen hira, kada kalmar "sauyin yanayi" ta fito daga bakinku. Kuna furta ta za a ba ku amsar da aka ji a rediyo. Ku tambayi abin da mutum ya gani: wane irin gero mahaifinka ke shukawa, kwana nawa yake yi, me ya sa ka bar shi? Ina ruwa ke tsayawa kana yaro, kai mu wurin. Wane kifi ne ka daina gani a taru? Sau nawa ka maimaita shuka bana? Dattawa ba sa lissafi da shekarar Bature, don haka ku ɗaura tambaya a kan abin da kowa ya sani: shekarar da aka koma tuƙin hannun dama, 1972, shekarar da naira ta maye gurbin fam, 1973, canjin kuɗi na 1984. Biyun ƙarshe sun faɗa daidai kan manyan shekarun fari, sai ku ji labari ya ɓalle. In mutum ya gama amsa, ku yi shiru ku ƙirga biyar a zuci kafin tambaya ta gaba. Magana mai nauyi a cikin shirun nan take fitowa.

Dole a cikinku a samu mace mai riƙe waya da makirfo, in ba haka ba rabin labarin ya tsaya a bayan zaure. A tafi da mai jin Barbarci, Badanci da Fillanci gwargwadon garin, a bar kowa ya yi magana da harshen da ya fi sakewa. Wajen fassara kuma kada ku dogara da rubutu a ƙasan allo, yawancin masu kallon majigi ba za su bi shi ba. A rage muryar mai magana, a ɗora muryar Hausa a kai. In za ku yi rubutun saboda masu kallo ta waya, ku yi amfani da salon haruffa mai ƙ da ɗ da ɓ, irin Noto Sans, don wasu salon sai su mayar da su akwati.

Kowa ya faɗi amincewarsa a gaban kyamara kafin hira: sunansa, da cewa ya san za a nuna a ƙauyuka da intanet. Yara sai da iznin iyaye. Batun ɓarnar gona da toshe burtali kuwa, in kun ji daga manomi, to ku je rugar ku ji daga arɗo, ku ba su lokaci daidai, ku cire sunan duk wanda aka zarga. Fim na iya tayar da faɗan da ya kwanta.

Lissafin tacewa: minti 25 na buƙatar ɗauka ta sa'a 10 zuwa 12. Ku rubuta duk hirarrakin a takarda da lokacinsu, ku tsara fim ɗin a takarda tukuna, sannan a zauna gaban kwamfuta. Manhajar tace hoto ta DaVinci Resolve kyauta ce amma tana son kwamfuta mai ƙarfi. In taku na shaƙewa, ku yi ƙananan kwafe masu sauƙi ku tace da su, a ƙarshe a mayar da na asali.

Sarkin Sauti

Hajiya Mai Tace Hoto ta faɗi gaskiya, sai dai duk wannan hira ba ta da amfani in ba a ji ta ba. Mutane na jure hoto mai dishi-dishi, amma sauti na lalacewa za ka ga an fara tashi. In kuɗinku na abu ɗaya ne, ku sayi makirfon maƙalawa a wuyan riga, da rigarsa ta gashi mai tare iska. Soson da ke zuwa da shi ba ya iya iskar fili. A maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a tabbata mayafi, rawani ko carbi ba sa gogarsa. A sa mai magana ya juya wa iska baya. A saita ƙarfin sauti yana kaiwa wajen -12 a ma'aunin sautin na'urar, kada ya taɓa 0, don abin da ya fashe ba ya gyaruwa. Mai ɗauka ya sa abin ji a kunne daga farko har ƙarshe. Kallon allo ba ya gaya maka batir ya mutu ko injin ban-ruwa na kuka a bayan gona. In sauti a waya daban ake ɗauka, a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara a farkon kowace ɗauka, da shi ake daidaitawa. A kowane wuri kuma a ɗauki minti ɗaya na sautin wurin kawai: kwaɗi, iska cikin kachalla, ƙarar filafili a ruwa. Da shi ake ɗinke yanka.

Saitin hoto: firam 25 a daƙiƙa, shota 1/50, saboda wutarmu mai zagaye 50 ce; in kun bar waya a kan firam 30, hasken ƙwai zai riƙa rawa a ɗaukar cikin ɗaki. Kyamara da wayoyin duk a sa su a saiti ɗaya, kuma a riƙe waya a kwance. Da rana tsaka 1/50 zai sa hoto ya ƙone fari fat, don haka ku nemi gilashin rage haske da ake ɗaurawa a bakin kyamara. Amma mafi sauƙi, ku yi aiki daga fitowar rana zuwa hantsi, ku huta, ku koma bayan la'asar. Hira a inuwa, fuskar mutum na kallon inda haske yake, bayansa kuma kada ya zama farin sarari, in ba haka ba fuskar za ta yi baƙi ƙirin.

Wajen ingancin hoto, ku tsaya a 1080. A kan megabit 50 a daƙiƙa, sa'a ɗaya na cin gigabait 22 da 'yan kai, sa'a 12 kusan 270. In kun je 4K a megabit 100, sa'a ɗaya 45 ce, kuma kyamara za ta yi zafi ta mutu a tsakiyar hira, majigin ƙauye kuwa ba zai nuna bambancin ba. Rumbun ajiya biyu na terabait ɗaya-ɗaya, kowane dare a kwafe a duka biyun, a buɗe a gani da ido kafin a goge katin mamori, a kuma raba su jaka daban-daban.

Zafin bazara na cinye batir kuma yana kashe waya. Batir huɗu aƙalla, da laima a kan kyamara, a cire wa waya rigarta, kada a bar kaya a cikin mota a rufe. Da hunturu kada a buɗe bakin kyamara a fili, ƙura na shiga sai ɗigo ya bi duk hotunan. A hura da ɗan famfon roba, ba a gogewa da gefen riga don yashi na karce gilashi. A cikin kwalekwale kaya su zauna a bokitin fenti mai murfi, a ɗaure shi, kowa kuma ya sa rigar da ke hana nutsewa a ruwa. A guji tsayawa cikin ruwan kachalla ƙafa tsirara, akwai tsargiya.

Ɗan Fadama

Madalla, mun ƙaru ƙwarai. Malam, mun janye batun buɗewa da tafki. Saura biyu: wani ya ce zai ara mana jirgi marar matuƙi, ko akwai matsala? Sannan nunawar kanta, me muke buƙata?

Baban Majigi

Ɗana, jirgin nan ku yi hattara. A doka sai da rajistar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da izni daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a farkon 2025 sojoji sun hana tashinsa a Borno da Yobe da Adamawa. Nguru da Gashua a Yobe suke. Ku hau gada, tankin ruwa ko tudu, ko ku ɗaura waya a doguwar gora. Sauran kuma hotunan da Malam ya ambata sun wadatar. Kafin ɗauka ma ku bi ta fadar hakimi, ya haɗa ku da dagaci ko bulama, ku sanar da ofishin 'yan sanda da takardar ƙungiyarku. Kafin nunawa ga jama'a ku tuntuɓi hukumar tace finafinai.

Kayan nuni ba su da yawa. Na'urar majigi mai haske lumen 3,000 zuwa sama. Farin yadi mai kauri, faɗi mita 3, tsayi mita 1.7, a naɗe bakinsa a yi masa hudoji a kusurwa huɗu da tsakiya. A ɗaure shi a jikin bango, ba tsakanin itatuwa biyu ba, don iska na kaɗa shi hoto ya riƙa lanƙwashewa. Ƙasansa ya ɗaga sama da mita ɗaya daga ƙasa saboda kawunan yara. Na'urar kan zauna wajen mita huɗu da rabi daga yadin, a kan tebur, a kewaye ta da benci. Lasifika a ɗora shi sama a gefen allo yana kallon jama'a, da makirfo ɗaya na hannu don tattaunawa.

Wuta: majigi na jan wajen wat 300, lasifika 100 zuwa 150, kwamfuta 60, jimla kusan 500. Ƙaramin janareta zai ɗauka da ƙyar, amma wutarsa na hawa da sauka. Ku nemi mai 1.5 ko 2 kVA da na'urar daidaita wuta, da waya mai tsawon mita 30, a kai shi bayan wani gini don ƙara. A cika tanki kafin a fara. In ya mutu na'ura na tsaka da aiki, fankar da ke sanyaya ƙwan ta tsaya ke nan, ƙwan na iya lalacewa; haka in an gama, a bar fankar ta yi shiru da kanta kafin a zare. In akwai batirin sola na 12V mai 200Ah da inbata, ya fi: ana iya cin wajen rabin ƙarfinsa, kimanin kilowat-awa 1.2, ya ishi nunin sa'a biyu ba ƙara ba hayaƙi.

Lokaci bayan sallar isha'i. A duba wata: daren sha uku zuwa sha biyar farin wata na kashe hoto. A guji daren kasuwa da ranar biki ko rasuwa. Watannin Janairu zuwa Afrilu sun fi, an gama girbi, ba ruwa, kuma ana shirin sabuwar damina. Sanƙira ya zaga da rana, liman ya sanar a masallaci. Mata da yawa ba za su fito dandali ba, sai a yi musu nasu a makarantar Islamiyya ko gidan mai gari, mace ta jagoranta.

Fim ɗin rabin aiki ne, sauran rabin a tattaunawar da ke biyo baya yake. Kada a kashe lasifika mutane su watse. A kunna fitila nan take, a ba sarkin noma ko sarkin ruwa makirfo ya fara, a zo da malamin gona. Ya zo da hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta NiMet, wanda ke fitowa a farkon shekara da ranar da ake sa ran saukar ruwa da tsawon damina a ƙaramar hukuma, da kuma hasashen ambaliya na hukumar lura da ruwan koguna ta NIHSA. Mutum ya koma gida da abin da zai yi amfani da shi. In kuna son sanin ko an fahimta, ku yi wa mutum 20 tambaya huɗu kafin nuni, ku koma bayan wata ɗaya ku maimaita musu, ku ƙara da ta biyar: me ka canza?

Na waya kuma, a yanka guntaye na minti biyu zuwa uku, kowanne mutum ɗaya da magana ɗaya, a matse su a 720 da manhajar HandBrake su koma megabait 15 zuwa 20. Cikakken fim ɗin a kai wa masu tura finafinai a kasuwa da tasha kyauta, su zuba wa duk wanda ya kawo mamori. A cire sautin kaɗai a kai gidan rediyo. Kiɗa kuwa, ku sa makaɗin garin ya yi muku da kukuma ko sarewa, da yarjejeniya a rubuce. Waƙar wani in kuka ɗora, YouTube da Facebook na iya toshe fim ɗin.

Malamin Jogarafi

Baba ya kawo maganar abin da mutum zai koma gida da shi, a nan nake da ƙari. Minti biyar na ƙarshe kada su zama hoton manya na dasa itace a ranar biki. Irin wannan dashe ba kasafai yake tsallake rani na farko ba, manoma kuma sun sani. Kada kuma a ɗora wa mai dafa tuwo da itace laifin ɗumamar duniya; duk Afirka abin da take fitarwa na hayaƙin bai kai kashi 4 cikin ɗari ba. A faɗi wannan ƙarara, sannan a nuna abin da ke hannun mutane.

In da hali ku tsallaka Maraɗi ko Damagaram. Tun shekarun 1980 manoman can ke sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture a gona, sai a zaɓi ƙarfafa biyu zuwa biyar a bari, a sassabe saura, a riƙa yi musu aski duk shekara. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, shi ya sa yake girma da sauri ba ban-ruwa. An ƙiyasta gonaki kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo ta haka, da itatuwa wajen miliyan 200. Ku ɗauki hannun manomi da wuƙarsa a kusa, a ga wane reshe ya bari da dalilinsa, kuma a ga yankan daga ƙasa zuwa sama yake yi don kada ɓawo ya ɗaye. Ku ɗauki gawo da damina ya zubar da ganye gero ya yi ƙosai a gindinsa, ku sake ɗaukarsa da rani ya yi kore awaki na tsintar 'ya'yansa. Manomin Kirikasamma zai fi yarda da ɗan'uwansa na Maraɗi da ke magana da harshensa fiye da kowane masani. In tafiyar ba ta yiwu ba, ku nemi masu yin haka a gonakin tudu na Maigatari ko Machina.

Ga mutanen cikin fadama kuwa, ku ɗauki aikin gayya na yashe rafi da yankan kachalla. Ku nuna cewa a ƙarƙashin ruwa ake yanke ta, yadda ruwa zai rufe kututturen ya hana shi numfashi. In an yanke a sama ko an cinna mata wuta kawai, cikin 'yan makonni ta dawo. Sannan ku kai kyamara ofishin Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are a Kano, ku tambaye su jadawalin sakin ruwa da yadda ake sanar da garuruwan da ke ƙasa, ku sa amsarsu a fim ɗin yadda suka ba da ita. Ku tura takardar neman hirar tun fitarku ta farko, don irin wannan izni yakan ɗauki watanni.